Yamaha Reface YC: ƙaramar orgar da ke iya zama a kujerar jita

A ƙasar Bombino da Mdou Moctar, ga kuma Tal National a nan Yamai, in ka ce za ka kafa ƙungiyar rok babu jita sai a dube ka kamar wanda ya ce zai dama fura ba nono. Amma an yi, kuma tun da daɗewa. A Ingila, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar na 1970, an samu ƙungiyoyin rok ɗin da ake kira furog, mai dogon zango, inda kiɗa ɗaya kan kai minti goma ko ashirin yana sauya taki da yanayi, waɗanda orga ce ta riƙe musu gaba. The Nice, da mai jitarsu ya tafi a 1968, ba su nemi wani ba, mai orgarsu Keith Emerson ya cike gurbin da orgar Hammond. Egg mutum uku ne: orga, bas, ganguna. Greenslade sun ajiye masu maɓallai har biyu. Van der Graaf Generator kuwa, da mai bas ɗinsu ya bar su a 1970, Hugh Banton ne ya koma taka bas da ƙafa yana kaɗa orga da hannu, David Jackson na busa sakso biyu a lokaci guda.

Hammond ta gaske da akwatin lasifikarta mai juyawa, wato Leslie, kaya ne na ƙarti huɗu, ba kuma abin da za ka tsinta a Babbar Kasuwa ba ne. Shi ya sa Reface YC, wadda Yamaha ta fitar a 2015, ta cancanci a duba ta da kyau. Nauyinta bai kai kilo biyu ba, tana shiga jakar goyo, ka hau kabu-kabu da ita. A taƙaice hukuncin shi ne: sautin ya isa, jikin ne bai isa ba.

Mu fara da sautin, don nan ne kuɗinka ya tafi. Orga iri biyar ce a ciki, kowace da harafinta: H ita ce kwaikwayon Hammond, V ta Vox, F ta Farfisa, A ta Ace Tone, Y kuma tsohuwar orgar Yamaha ce da kanta. Ga mai neman furog, H ce uwar tafiya. Amma kada ka raina F. Orga ce irin ta Italiya mai siririyar murya, kuma duk wanda ya taso yana jin kiɗan Mamman Sani tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa zai ji kamar ya san ta, don shi ma orgar Italiya ce, ƙirar Orla, ya yi amfani da ita a kaset ɗinsa na 1978 da Sahel Sounds suka sake fitarwa a 2013. Ba ita ce sak ba, amma ƴan gida ɗaya ne.

A saman na'urar akwai sanduna tara masu zamewa, kowace da lambarta: 16, 5⅓, 8, 4, 2⅔, 2, 1⅗, 1⅓, 1. Kowace sanda murya ɗaya take ƙara wa maɓallin da ka danna. Ta 8 ita ce ainihin notar. Ta 16 tana ba ka ita oktab ɗaya ƙasa, ta 4 oktab ɗaya sama. Ta 5⅓ kuwa, in ka danna Do, Sol take ɗora maka a kai. Saitin da masu orgar rok suka fi tsayawa a kai shi ne ka cika ukun farko, sauran shida ka rufe. Daga nan in kana son ta huda ganguna ta fito, ƙara rabin ta 4. In ka ji ta yi nauyi kamar tuwon da ya kwana, rage ta 16 kafin ka taɓa komai.

Sandar da ke ba mutanenmu matsala ita ce 1⅗, kuma da yawa ba su gane daga ina tsamin ke fitowa. Yawancin kiɗanmu a kan nota biyar yake tafiya, misali La, Do, Re, Mi, Sol. To ita wannan sandar, duk sanda ka danna La, Do diyez take rerawa can sama. Kai kuma hannunka na dama yana kan Do zalla. Muryoyin biyu rabin taki ne tsakaninsu, sai su yi ta ƙaiƙayi a kunne. A kiɗa mai tsabta ana iya haƙuri da shi, amma da ka sa kaushi, wato gurnanin da ake ƙara wa sauti, sai abin ya fito fili. Rufe ta kawai.

Kaushin shi ne abin da ke maye gurbin jita, kuma sandar DIST ce ke ba da shi. Daga rufe zuwa kashi ɗaya cikin uku, ɗumi kawai take ƙarawa. A rabi gurnani yake farawa, wanda shi ake nema. Daga nan zuwa ƙarshe kuwa sai ka yi hattara da abin da yatsunka ke yi, saboda kaushi ba ya son cunkoso: duk nota biyu da suka shiga tare yana haifar musu da wasu muryoyin da ba ka danna ba. Do da Sol suna jituwa, ƴaƴan da suke haifa ma suna jituwa. Ka ƙara Mi, ko ka kama akor mai nota huɗu yadda aka saba a kiɗan biki, sai komai ya cakuɗe ya zama kunu. Masu jitar rok sun daɗe da sanin haka, shi ya sa nota biyu suke kamawa. Kai ma yi haka: nota biyu a hannun hagu, ɗaya ɗaya a na dama. Sannan REVERB kada ta wuce kwata, don a kiɗan da ake lissafa taki bakwai, biyu-biyu-uku, amsa-kuwwa tana shafe gaɓoɓin har mai ganguna ya rasa inda ɗaya take. Abin da ke fito da gaɓoɓin shi ne PERCUSSION, wani ɗan ƙwas da ke zuwa a bakin kowace nota. Kunna shi, ka gajarta tsawonsa.

Akwai ɗan hannu a gefen hagu mai kwaikwayon Leslie, wato akwatin da lasifikarsa ke juyawa: a hankali bai kai zagaye ɗaya a daƙiƙa ba, da sauri kuma wajen shida ko bakwai. Daɗin ba a saurin yake ba, a lokacin sauyawar yake, sa'ad da yake ɗaukar gudu ko yake lafawa. Riƙe akor, tura hannun zuwa FAST daidai inda mai jita zai ja igiya ya sa ta kuka, ka dawo da shi kafin jimlar ta ƙare. Wanda ya bar shi a FAST daga farko har ƙarshe ya mayar da furog kiɗan coci. Kwaikwayon yana da kyau a hankali, da sauri yana ɗan yin rawar murya fiye da kima, kuma sai ka haɗa waya biyu, L da R, zuwa mikisa kafin ka ji juyin yana zagaya ɗaki. Da waya ɗaya rabin abin ya tafi.

Yanzu jikin. Maɓallai 37 ne, ƙanana, oktab uku ke nan. Mai manyan yatsu zai yi mako biyu yana danna biyu a wurin ɗaya kafin ya saba. Babbar illar ita ce ba a raba ta gida biyu: saitin da hannun dama ke amfani da shi, shi ne na hagu, kaushin da ke kan waƙar yana kan bas. Don haka mafarkin zama Banton kai kaɗai da wannan na'urar, ajiye shi. Nemi mai bas, kamar yadda Egg da The Nice suka yi, ko ka ajiye wani piyano a gefe don hannun hagu. Ba ta kuma ajiye saiti a cikinta. Abin da sandunan suka nuna shi ne abin da za ka ji. A kiɗa mai sassa biyar wannan aiki ne. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka tsara saitunanka yadda daga sashe zuwa sashe sanda biyu kawai za ka taɓa, ka manna ƴar takarda a gefe da lambobin. Babu kuma abin lanƙwasa nota. Emerson kan kashe injin Hammond ɗinsa ya kunna don notar ta zube ta tashi, har wuƙaƙe yakan soka tsakanin maɓallai su riƙe masa sauti. Wannan ƴar roba ba za ta ɗauki ko ɗaya daga ciki ba.

Orga ba ta san ƙarfin dannawa ba, ko ka shafa ko ka doka ƙara ɗaya ce. Saboda haka fedal ɗin ƙara, FC7 na Yamaha, ba kayan ado ba ne, lissafa shi cikin kuɗin saye tun farko.

Ƴan lasifikan da ke jikinta na gwaji a ɗaki ne kawai. A fili, in ka shigar da ita mikisa kai tsaye, ƙananan lasifikan sama na baf za su fito da wani tsiii a kan kaushin. Rage sautin sama a layinta har ya lafa. Ampilin jita ya fi ba da gurnani na gaske don lasifikarsa ba ta kai can sama, amma da sharaɗi biyu. Na farko, abin da ke fita daga orgar ya fi na jita ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka fara da ƙararta a kwata. Na biyu, igiyar jita mafi kauri wajen haz 82 take, wato kaɗawa 82 a daƙiƙa, ita kuwa sandar 16 in ka saukar da OCTAVE tana gangarawa wajen 33 har ƙasa. Ƙaramin ampili zai yi ta kakari har takardar lasifikar ta yage. Mai son sautin Mike Ratledge na Soft Machine, wanda ya bi da orgarsa Lowrey ta cikin fedal ɗin fuz mai ba da kaushi, sai ya zaɓi V ko Y, ya rufe DIST, ya kashe juyin Leslie, ya bar fedal ɗin ya yi aikin. Kaushi a bayan juyi ba ya daɗi, dole ya riga shi.

Wajen wuta ta dace da mu. Pil shida na AA suna riƙe ta wajen awa biyar, ke nan ɗaukewar kuran a watan Afrilu ba ta tsayar da gwaji. Hatsarin a caja yake. Tata bolt 12 ce, mai ƙarin (+) a tsakiyar bakin wayar. Ta fedal ɗin jita galibi bolt 9 ce, mai ragin (−) a tsakiya, kuma a cikin jaka ɗaya suke kwana. Ɗaura wa kowace ƙyalle mai launi daban. In na'urar daga Amurka ta fito, karanta bayan cajar: mai 120 ba ta shan 220 ɗinmu, sau ɗaya za ka soka ta. Ƙurar hunturu kuma ta ramukan sandunan take shiga, sai ka ji saiti yana tsalle shi kaɗai. Rufe ta da zane in ba a aiki, share da burushi mai laushi, kada ka fesa mata mai.

Maganin ƙarancin maɓallan shi ne ka kaɗa ta daga babban piyano mai maɓallai 61 ta hanyar MIDI, wato haɗin da ke sa wata na'ura ta kaɗa wata, a nan ne take zama cikakkiyar orga. Sai dai ramin MIDI ɗinta ƙarami ne, da wata ƴar waya mai reshe biyu yake aiki, wadda ke zuwa cikin kwali, kuma ita ce ta farkon ɓata in kayan na hannu ne. Duba kuma bayan piyanonka: ƙananan piyanonin Yamaha PSR-E ramin USB kawai gare su, kuma USB da USB ba sa magana sai da kwamfuta a tsakani. Kafin ka miƙa kuɗi, sa mai kayan ya fito da wayar nan, ka rufe sandunan tara duka, ka riƙe maɓalli ɗaya, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Wadda ta yi shiru ko ta yi tsalle a tsakiyar hanya, ƙura ta riga ka, sai a sake ciniki.