Bargar da ta koya wa 'yata tsallake shinge a Ingila

Wata 14 ke nan ina kai 'yata wata barga da ke bayan garin Melton Mowbray, tafiyar minti 40 a mota daga gidanmu a Lesta. Tun da hotonta a kan doki ya zaga hannun 'yan'uwa, iyaye uku suka tare ni bayan sallar Juma'a suna tambaya ko wurin ya cancanci kuɗinsa. Amsata ita ce e, ya cancanta, amma akwai abubuwan da na so a ce wani ya gaya mini tun farko.

A Katsina na tashi, a gidan da ba a rasa doki a turke, kuma na yi hawan sallah tun ban kai shekarunta ba. Da ta ce tana son doki, daɗi na ji. Sai dai hawan nan daban yake da namu. Melton cibiyar farauta a kan dawaki ce a Ingila, a nan yankunan tsofaffin ƙungiyoyi irin su Quorn da Belvoir da Cottesmore suka haɗu. Da can jar dilar ƙasar suke bi da karnuka, har dokar 2004 ta hana, ta fara aiki a Fabrairun 2005. Yanzu wani ne ke jan tsumma mai wari ta cikin gonaki, karnuka su bi sawun, mahaya su bi karnuka, duk shingen da ya tare hanya a tsallake shi. Har yau ana jayayya a kai, domin masu kare dabbobi na zargin wasu ƙungiyoyi da fakewa da tsumman suna ci gaba da farautar dilar, kuma jam'iyyar Leba ta yi alkawarin hana wannan ɗin ma a zaɓen 2024. Gara uba ya san haka kafin ya sa ɗansa.

Bargar kanta ba ta da ƙyale-ƙyale: ɗakunan katako, filin yashi ɗaya, taɓo har idon sawu daga Nuwamba. Amma dawakin a ƙoshe suke, kofatonsu a gyare. Yara kuru suke hawa, wato dokin da tsayinsa bai wuce santimita 148 ba. Wanda aka ba 'yata wani kili ne ɗan asalin Wales, shekarunsa 19, ya girme ta da tara.

Abin da ya sa na amince da wurin shi ne malamar, wata dattijuwa da ta taso a Pony Club, ƙungiyar yara mahaya da aka kafa a 1929. Wata biyar cur ba ta bar yarinyar nan ta tsallake komai ba. Sanduna a kwance a ƙasa, tafiya, sassarfa, a cire ƙafa daga likkafa a sake sassarfa. Ina biyan fam 35 duk Asabar, har na fara jin kamar ana ja mini rai ne. Da na yi magana, sai ta ce in tsaya in dubi hannun yarinyar. Na duba. Duk sa'ad da ta ji za ta zame, linzami take damƙa. Mu a gida da haka muka saba, linzaminmu mai ƙarfi ne, ana sukuwa a ja shi doki ya tsaya cak a gaban sarki. A wajen tsallake kuwa, in ka fizgi bakin doki yana sama, ko ya faɗi da kai ko gobe ya ƙi tashi. Sai malamar ta ɗaura wa kurun wata igiyar fata a wuya, ta ce ita za ta riƙa kamawa in tsoro ya zo, ta sakar masa baki. Ni da na shekara 30 ina ganin na san doki, a ranar na koyi abu.

Fitar yara, wato ranar da suke bin ayarin farautar a gonaki, ta zo a hutun Disamba. Mun isa barga da ƙarfe 7, duhu bai gama washewa ba, sanyi na cizon yatsu. An kitse gezar kurun, an wanke shi tas. A wurin taro 'yata ta yi mini bitar abin da aka karantar da su: dokin da aka ɗaura wa jan ƙyalle a wutsiya yana harbi, mai koren ƙyalle sabon shiga ne, ba a wuce jagoran ayari, in karnuka za su gifta, ka juyo da kan dokinka gare su don kada ya harbe su, wanda ya zo ƙarshe shi ke rufe ƙyauren gona. An raba yaran gida biyu, masu tsallake da masu zagayawa ta ƙofa, ƙananan ciki kuma manya na ja musu ragama a ƙasa.

Na bi su a mota, na tsaya a bakin wata gona inda aka yanke shingen ƙaya aka gitta katako biyu, tsayinsu bai fi gwiwata da kaɗan ba. A filin yashi wannan ba komai ba ne. A nan kuwa ƙasa ta jiƙe, ƙaho na kaɗawa, dawaki sun ji ƙarar karnuka duk sun ɗauki zafi. Yaron da ke gabanta dokinsa ya zo daf sai ya turje, yaron ya sulluɓo ta wuya ya zauna a taɓo. Gabana ya faɗi. Malamar ba ta bar kowa ya matsa ba sai da ya tashi, ta dubi idonsa, ta mai da shi kan sirdi. Sannan ta kira 'yata. Na ga yarinyar ta zura yatsu biyu cikin igiyar wuyan, ta ɗaga kai tana duban can gaba kamar yadda aka koya mata. Kurun ya miƙe kunnuwa, ya rage taku da kansa, ya tashi, ya sauka lafiya lau. Taɓo ya fallatsar mata har goshi. Tana wucewa ta ɗaga murya, "Abba, ka gani?" Na ce, "Na gani, uwata, riƙe da kyau!"

Inda suka gaza kuwa, kuɗi ne da abinci. An ce mini hayar kurun na yini fam 120. Sai a safiyar aka ce akwai kuɗin ƙungiyar farauta daban, da na motar ɗaukar dawaki daban. Ba yawan kuɗin ya ɓata mini rai ba, rashin faɗa tun farko. Na kuma sanar da su mako guda kafin nan cewa ba ma cin naman alade, suka ce sun ji. A wurin taro manya aka zagaya musu da giya, yara kuma da burodi mai naman alade a ciki, garin ma da irin wannan abinci ya yi suna. Ba a tanadar mata komai ba, dabinon da ke aljihuna ya riƙe ta har yamma. Sun ba da haƙuri daga baya, na kuma karɓa, domin ita malamar ce ta zauna tun ranar farko tana gwada yadda ɗan siririn hijabi zai zauna a ƙarƙashin hular kwano ba tare da hular ta yi sako-sako ba.

Wanda zai kai ɗansa, ya sayi sabuwar hula, kada ya karɓi ta gwanjo, domin ba a gane wadda ta taɓa buguwa da ido. Ya haɗa da rigar kariyar ƙirji mai shaidar inganci ta BETA (ƙungiyar masu sana'ar kayan doki ta Birtaniya) mataki na 3, ya nemi a rubuto masa jimlar kuɗin yinin, ya ɗauki abincinsa da dardumarsa, tunda a Disamba magariba kan yi kafin ƙarfe 4. Mun riga mun rubuta sunanta a fitar hutun Fabrairu, na kuma roƙi malamar ta ajiye mata wannan kilin.