Bitar ƙwayar LED mai watt 100 ta kasuwa, ga mai son haɗa fitilar hangen nesa da ruwa ke sanyayawa

Ƙwayar da ake magana a kanta ita ce wadda ta cika shagunan intanet da rumfunan kayan lantarki: farantin ƙarfe ɗan ƙarami, tsakiyarsa rawaya mai kusurwa huɗu, babu sunan kamfani a jiki, an rubuta watt 100. A ƙarƙashin rawayar akwai ƙananan ƙwayoyi 100, layi 10, kowane layi da ƙwaya 10 a jere. Tana son volt 30 zuwa 36 da kimanin amp 3. Sau da yawa ana haɗa ta da gilashin tattara haske mai faɗin milimita 44 da ɗan mazubinsa. Hukuncinta a taƙaice: ta cancanci kuɗinta ga mai koyo, muddin ba a kai ta amp 3 ɗin da aka rubuta ba, kuma muddin ba a sa rai gilashin da ta zo da shi zai kai haske nesa ba.

Babban aibinta shi ne rashin daidaito tsakanin ƙananan ƙwayoyin, kuma ana iya gane shi kafin a ɗaura komai. A ba ta wuta kaɗan, a fara daga volt 24 ana ƙarawa a hankali har ta soma ba da haske. Mai kyau, duk ƙwayoyin 100 za su tashi kusan tare. Maras kyau, wasu layuka za su haskaka wasu suna duhu, ko a ga ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. Wannan ba batun kyan gani ba ne. Layukan 10 suna raba wuta ɗaya ne a tsakaninsu, wanda ya fi saurin kamawa shi ke jan kaso mafi yawa, ya fi sauran zafi, zafin kuma ya sa ya ƙara ja. Ranar da ya ƙone, sauran 9 su gaji kasonsa, su ma su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ya fi a sayi biyu ko uku a zaɓi ta kirki, a kuma tsayar da ita a amp 2 zuwa 2.3, wato kusan watt 70. Ido ba zai ga wani babban bambanci ba, ƙwayar kuwa za ta daɗe.

A juya bayanta ma a duba. Farantin wasunsu a lanƙwashe yake. A ɗora bakin rula a kai a ɗaga wajen haske; in haske na ratsawa a tsakiya, to daidai inda zafi ya fi taruwa ne ba zai taɓa abin sanyayawa ba. Ana gyarawa da takardar goge ƙarfe mai laushi da aka shimfiɗa a kan gilashi, a riƙa murza bayan farantin har ya daidaita.

Zafi ne dalilin kawo ruwa cikin lamarin. Daga watt 100 da ya shiga irin wannan ƙwaya, kusan 70 zafi yake zama, a fili da bai kai tafin hannun jariri ba. Lissafin ruwa mai sauƙi ne, kuma yana da kyau a riƙe shi: watt 70 yana ɗaga zafin lita 1 na ruwa da kimanin digiri 1 a kowane minti. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, ba a bukatar babban famfo, domin ko lita 1 kacal ke wucewa a minti, ruwan da ya fita digiri 1 kawai ya fi wanda ya shiga. Ƙaramin famfo mai volt 12 ya isa. Na biyu, gora ko bokiti ba ya maye gurbin lagireto. Lita 1 da ke zagayawa ba tare da wajen zubar da zafi ba, cikin rabin awa ya ƙaru da digiri 30. Ruwa ɗan aike ne kawai, yana kwashe zafi daga ƙwaya ya kai wa lagireto, fanka ce ke fitar da shi. Lagireton kwamfuta mai milimita 120 da fanka ɗaya yana ɗaukar watt 70, amma a watan Maris da Afrilu, lokacin da iskar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ke haura digiri 40, ruwan ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin iskar ba. A irin wannan yanayi a sayi mai milimita 240 da fanka biyu. Da hunturu kuma ƙura na toshe tsakanin haƙarƙarinsa, sai an riƙa hure shi.

Bulon ruwa, wato ɗan ƙarfen da ake manna wa bayan ƙwaya ruwa na ratsa cikinsa, na alminiyam mai milimita 40 a 40 shi aka fi samu, kuma yana rufe tsakiyar ƙwayar. Kada a huda shi don ɗaura sukuru, bakin injin huji zai faɗa cikin hanyar ruwa. A matse shi da ƙwayar tsakanin ƙarafa biyu, sukuru huɗu, ana ɗaure su kaɗan-kaɗan a gicciye. Man ɗaukar zafi, irin su Arctic MX-4, a shafa shi siriri tsakanin ƙwayar da bulon. Aikinsa cike ƙananan ramuka ne, in ya yi kauri shi kansa ya zama katanga.

Kuskuren da ya fi cin mutane a ɓoye shi ne haɗa jan ƙarfe da alminiyam a zagaye ɗaya. Bulon jan ƙarfe da lagireton alminiyam, ko akasin haka, da ruwa a tsakaninsu, tamkar an haɗa ɗan ƙaramin batir ne, alminiyam ɗin ke cinyewa har ya huje ko farin gari ya toshe bulon. A zaɓi ƙarfe iri ɗaya tun daga farko. Ruwan kuma ya zama tatacce, irin wanda ake ƙara wa batir amma ba mai asid ba, a gauraya shi da ɗan ruwan lagireton mota mai maganin tsatsa. Ruwan rijiya ko na famfo yana barin ƙasa-ƙasa, tiyo mai garai-garai kuma in yana shan haske gansakuka na tsirowa a ciki. Famfo ya zauna ƙasa da tankin ruwa don kada ya ja iska, kowane bakin tiyo a ɗaure shi da maɗauri, sannan a bar famfon shi kaɗai ya kwana yana aiki a kan takarda busasshiya kafin a haɗa wutar ƙwayar.

Wajen wuta, in daga batir mai volt 12 ne, ana bukatar na'urar ɗaga wuta mai sukurun daidaitawa biyu, ɗaya na volt ɗaya na amp. Mai sukurun volt kaɗai ba ta dace ba, domin LED na ɗumama tana ƙara jan wuta a volt ɗin da bai canja ba. A fara saita volt 34 ba tare da ƙwayar ba, a mayar da sukurun amp ƙasa, a kashe, a haɗa ƙwayar, a kunna, sannan a ɗaga amp ana dubawa da mitar auna amp a kan layi. Haɗa ƙwaya alhali na'urar na kunne yana sa wutar da ta tara ta zubo mata gaba ɗaya. A tuna ɓangaren batir ne ke ɗaukar nauyi: watt 100 a volt 12, in aka haɗa da asarar na'urar, kusan amp 10 ne, don haka waya mai kaurin 2.5mm² da fis mai amp 15 dab da batir. Ƙaramin batir mai 7Ah (ma'aunin yawan wutar da yake ajiyewa) ba zai kai rabin awa ba. A manna wa bulon ruwa makunnin zafi mai yankewa a digiri 70, irin KSD9700, ya riƙa sarrafa rile, wato makunnin da zai yanke wa ƙwayar wuta, domin famfo in ya tsaya ba ya sanarwa, ƙwayar kuwa ba ta jira.

Inda wannan ƙwaya ta fi ba da kunya shi ne nisan haske. Gilashin milimita 44 yana buɗe haske digiri 60 ko fiye, ya dace da haskaka tsakar gida ko wajen aiki, ba hangen nesa ba. Matsalar ma ba ta gilashin kaɗai ba ce, fuskar ƙwayar ce ta yi faɗi, sama da milimita 20. Faɗin haske a can nesa yana bin faɗin fuskar ƙwaya a raba da nisan tattarawar gilashi, wato tazarar da ke tsakanin gilashin da inda yake tattara haske wuri ɗaya. Fuska mai milimita 24 a bayan gilashi mai nisan tattarawa milimita 100, a mita 100 za ta shimfiɗa haske mai faɗin mita 24. In aka koma gilashi mai milimita 200, faɗin ya dawo mita 12, amma sai gilashin ya yi girma ƙwarai kafin ya kama hasken da ke watsewa gefe. Kuma in aka saita shi daram, hoton layukan 10 ne ke fitowa a bango da rawaya a gefe. Matsar da gilashin baya kaɗan yana narkar da su. Gilashin roba mai zobe-zobe yana da arha da faɗi, amma kusa da ƙwaya yana laushi.

Mai iya ƙara kuɗi ya duba ƙwayar kamfanin Cree mai suna CXB3590, mai volt 36. Tana aiki a amp 2.4, tana jure har 3.6, haskenta a kowane watt ya fi na kasuwa nesa ba kusa ba, saboda haka zafin da za a kwashe ya ragu. Sai dai fuskarta milimita 30 ce, ta ma fi faɗi, jikinta kuma na tangaran ne da ke tsagewa in an matse shi a karkace, sai da mariƙinta na musamman. Haske za ta ƙara, ba za ta matse shi ba.

Ko wacce aka sa, ba a kallon fuskarta tana kunne, ba a haska direba ko jirgin sama da ita, takarda ko leda kusa da gilashin kuma na iya kamawa. In za a ajiye fitilar da rana a rufe gilashin da murfi, domin yana tattara hasken rana daidai kan ƙwayar, ya ƙona rawayar ko da fitilar a kashe take.