Renita Weems ko Wil Gafney: da wa za ki fara?

'Yar'uwa, kin ce malaminku na Tsohon Alkawari ya ambaci sunayen nan biyu, kina tambaya ko tafiyarsu ɗaya ce, kuma littafin wa za ki fara nema tunda kuɗin ba su kai na biyu ba. Gida ɗaya suka fito, amma kowacce da ɗakinta.

Dukansu baƙaƙen fata ne 'yan Amurka, dukansu naɗaɗɗu ne a coci, kuma suna bin hanyar da ake kira womanist, kalmar da marubuciya Alice Walker ta yaɗa a 1983. Manufarta ita ce karanta Littafi Mai Tsarki da idon baƙar mace jikar bayi, wadda ta ga fafutukar mata farare ba ta damu da launin fatarta ba, ta baƙaƙen maza kuma ta mance da ita mace ce.

Weems ce babba. An haife ta a Atlanta a 1954, ta karanta tattalin arziki, har ta taɓa aikin dillancin hannun jari kafin ta koma tauhidi. Cocin AME (African Methodist Episcopal), wani cocin Methodist na baƙaƙen Amurka, ya naɗa ta, kuma a 1989 ta zama baƙar mace ta farko a Amurka da ta sami digirin digirgir a Tsohon Alkawari, daga makarantar tauhidi ta Princeton. Ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Vanderbilt. Gafney, haifaffiyar 1966, ta yi nata digirgir a Jami'ar Duke, ta koyar a makarantar tauhidi ta Lutheran da ke Filadelfiya, sannan a 2014 ta koma makarantar tauhidi ta Brite a jihar Texas. Firist ce a cocin Episkofal, wato Angilikan Amurka. Wannan kaɗai zai sa wasu a nan su ɗaga gira, don Cocin Angilika na Nijeriya ba ya naɗa mata firist.

Bambancin gaske yana cikin yadda suke riƙe nassi. Ɗauki Just a Sister Away na Weems, na 1988. Da Hajaratu da Saratu ta buɗe shi: uwargijiya da baiwa a gida ɗaya, miji ɗaya, har aka kori ɗaya da ɗanta da gurasa da salkar ruwa. Weems tana tambayar abin da ya hana matan nan biyu tausayin juna, kuma tana yi da muryar mai wa'azi. Na taɓa karanta wa Zumuntar Mata wannan babi ina fassarawa, sai wata dattijuwa da ta girma a gidan kishiyoyi ta ce in tsaya, ita za ta ƙarasa labarin. Littafinta na 1995, Battered Love, ya fi nauyi. A ciki ta tuhumi yadda Yusha'u da Irmiya da Ezekiyel suka kwatanta Isra'ila da mazinaciyar mata da miji ke hukuntawa, ta tambayi abin da wannan misali ke yi wa matar da ake duka a gida.

Gafney kuwa da Ibrananci take farawa, kalma bayan kalma, kuma da kanta take fassara ayoyin. A Daughters of Miriam na 2008 ta bi sawun annabawa mata: Maryamu 'yar'uwar Musa, Debora, Hulda da aka je wurinta a zamanin sarki Yosiya, har Nowadiya da Nehemiya ya ambata sau ɗaya tak. A Womanist Midrash na 2017 ta haɗa salon malaman Yahudawa na cike giɓin labari da abin da masu wa'azi baƙaƙe ke kira tsarkakakken tunani. Dubi Bilha da Zilfa. Su suka haifi huɗu daga 'ya'yan Yakubu goma sha biyu, Dan da Naftali da Gad da Ashiru, amma sau nawa kika ji an ambace su a bagade? Gafney ta ƙi sassauta kalmar, bayi ta kira su, matan da ba a nemi yardarsu ba. Kuma tana yawan nuna wa mai karatu inda nassi ya tsaya, inda hasashenta ya fara, abin da na fi girmama ta a kai.

Inda za ki yi tuntuɓe shi ne yadda take ce wa Ruhun Allah "ita", bisa hujjar cewa kalmar ruhu ta mace ce a nahawun Ibrananci. Ni dai hujjar nahawu ba ta gamsar da ni har can ba, amma ki karanta kafin ki yanke hukunci.

Idan don koyarwa a coci ne, sayi na Weems na 1988, ƙarami ne, za ki gama shi cikin kwana biyu. Idan rubutun kammala karatu ne a gabanki kuma kin yi ko da zango biyu na Ibrananci, Womanist Midrash za ki nema, ki ajiye Littafi Mai Tsarki na Hausa a buɗe a gefe kina gwada fassararta da tamu.