Ƙarar kuloci ce ko ta giyabos? Yadda za ka bambance kafin a sauke komai

Assalamu alaikum Alhaji. Tun daren jiya na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce Hilux ɗinka ce tsohuwa, ƙirar 1995 mai injin dizal 3L, wadda kake ɗauko dankali da ita daga Bokkos zuwa Farin Gada. In tana tsaye a firi, injin na silo, sai ka ji gurnani daga ƙarƙashin sandar giya. Da ka taka kuloci har ƙasa sai ya ɗauke ɗif, ka saki ya dawo. Bakanike ɗaya ya ce kuloci ne, a sayo sabo. Wani ya ce giyabos ne ya gama, a nemo na Beljiyam. Kana tambaya maganar wa za ka bi.

Don Allah kada ka saki ko kwabo tukuna. Ƙafarka ta hagu da kunnenka za su gaya maka fiye da rabin maganar cikin minti goma, ba tare da an kwance noti ko ɗaya ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, tunda taka kuloci ne ke kashe ƙarar, sai su ɗauka laifin kuloci ne. Galibi akasin haka ne. In ƙafarka ba ta kan kuloci, injin yana juya sandar da ke shiga giyabos ko da kuwa a firi kake, ita kuma tana juya sandar ƙasa mai jerin haƙora, duk suna wulwulawa cikin mai a kan boris ɗinsu. Da ka taka har ƙasa ka raba su da injin, cikin daƙiƙa biyu ko uku sun tsaya cak. Shi kuwa boris ɗin kuloci, wanda muke kira rilis, ba ya ɗaukar nauyi sai lokacin da ka taka. Saboda haka ƙarar da ke zuwa in ka taka, ta ɓangaren kuloci ce. Ƙarar da ke ɗaukewa in ka taka, ta cikin giyabos ce. A kan abin da ka bayyana, zargina na farko yana kan boris ɗin sandar shiga ta giyabos, ko na sandar ƙasa. Amma zargi ne, mu gwada.

Ka fara da motar a tsaye, injin ya ɗumama, ka ja birkin hannu, ka kashe rediyo, ka sauke gilashi. Ɗora ƙafa a kan kuloci a hankali kamar kana taka ƙwai. In rilis ne ya lalace, da zarar ka ji kulocin ya fara tauri za ka ji wani shuuu ko tsuwwa, kuma yana ƙaruwa yayin da kake dannawa, wani lokaci har ka ji tsuma a tafin ƙafarka. In giyabos ne, a wannan matakin gurnanin bai canza ba, sai ka kai ƙasa sosai sannan ya mutu, kuma ba farat ɗaya yake mutuwa ba, yana raguwa ne kamar fanka da aka kashe.

Akwai boris na uku da ake mantawa da shi, ɗan ƙarami a bayan injin, a tsakiyar filawil, wato faifan ƙarfen da kuloci ke manne da shi, inda kan sandar giyabos ke zama. Shi ba ya aiki sai injin da sandar suna gudu daban. To ka taka kuloci har ƙasa, ka sa lamba ɗaya, ka riƙe ba ka saki ba. In nan ne ƙarar ta tashi da ƙugi ko kuka mai tsini, shi ne. In kuma wani ɗan tsit-tsit ne kamar kukan tsuntsu da ke ɓacewa da ka ɗan taɓa kuloci da yatsan ƙafa, yawanci cokalin da ke tura rilis ne ya bushe a inda yake lilo, giris yake nema.

Nan sai in dakata a kan abu guda, domin motarka dizal ce. Injin dizal mai silinda huɗu bugunsa ba santsi ba ne a silo, kuma wannan bugun yana sa haƙoran giya da ba sa ɗauke da nauyi su riƙa karo da juna, ka ji kaca-kaca kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ita ma wannan ƙarar tana ɗaukewa in ka taka kuloci, shi ya sa take kama da ta boris. Bambancin shi ne in ka ɗan ƙara totur kaɗan sai ta lafa, gurnanin boris kuwa ƙaruwa yake da totur. Ƙananan sifirin da ke tsakiyar farantin kuloci su ne ke shanye wannan bugun, in sun saki ko ɗaya ya karye ƙarar takan yi yawa. A nan kaɗai ne bakaniken farko zai iya yin gaskiya. Don haka ka saurara da kyau, gurnani ne mai ci gaba ko kaca-kaca ce.

Sai shigar giya. In kuloci ne ba ya rabuwa sosai, duk giyoyin suna wahala, amma ribas da lamba ɗaya sun fi nunawa, ka ji ƙurrr kafin ta shiga. Ka kashe injin ka gwada, in duk sun shiga sumul, ka tayar kuma suka ƙi, kuloci ne. Kuma ba lallai farantin ba. Sau da yawa kulocin sama ne ko na ƙasa, wato famfunan man kuloci na bayan feda da na jikin giyabos, ke yoyon mai, ko iska ta shiga, kuma wannan gyara ne na waje da ba ya buƙatar sauke komai. Duba kofin man, man birki DOT 3 ne ake zubawa, ka leƙa bayan fedar ka ga ko akwai danshi. Wasan fedar kafin ta fara tauri ya kamata ya zama tsakanin milimita 5 zuwa 15. In kuwa giyabos ne, giya ɗaya ce ko biyu ke gardama, galibi lamba biyu ko uku, sauran lafiya lau. Zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙora ne ya cinye. Haka in giya tana fita da kanta ta koma firi a gangara, wannan ba ruwan kuloci.

Kada sanyin garinmu ya ruɗe ka. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, da asubahin Disamba ko Janairu man giya yana kauri, lamba biyu ta yi tauri har sai ka yi 'yan kilomita. In ta warware da mota ta ɗumama, ba ciwo ba ne.

Yanzu hau hanya, nan ne gwajin da na fi yarda da shi. A irin wannan giyabos mai giya biyar, lamba huɗu kai tsaye take, sandar shiga tana kullewa da sandar fita su zama ɗaya, ƙarfin injin ba ya bi ta sandar ƙasa. Ka nemi shimfiɗaɗɗiyar kwalta, kamar tsakanin Bukuru da Mararrabar Jama'a in hanya ba cunkoso. Ka ja ta a uku ka saurara, ka sa huɗu, ka sa biyar. In tana kuka a ɗaya, biyu, uku da biyar, amma ta yi shiru ko ta ragu ƙwarai a huɗu, to ka gama bincike, boris ne a cikin giyabos. In a giya ɗaya tak take kuka, haƙoran wannan giyar ne ko ƙaramin boris ɗinta. Lamba biyar ce ke yawan fara mutuwa a motocin da ke ɗaukar kaya, domin direbobi suna barinta a biyar da lodi a hawa, alhali an yi ta ne don gudu a fili.

Kuloci a kan hanya ba kuka ya fi yi ba, zamewa yake. Ka sa huɗu a ɗan hawa da kaya a baya, ka danna totur. In injin ya ɗaga murya amma motar ba ta ƙara gudu ba, ga kuma wari kamar na birkin da ya ƙone, farantin ya cinye. In kuma jijjiga take lokacin tashi, ko mai ne ya zubo wa farantin daga sil ɗin bayan injin, wato robar da ke tare mai, ko filawil ya yi tabo, ko robar da injin ke zaune a kai ta yage.

Tunda motarka mai agzilari ce, wato akwatin bayan giyabos da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya, akwai na uku a cikin shari'ar, kuma shi ake yawan tsallakewa. Wani mutum ya taɓa kawo mini Land Cruiser da giyabos na Beljiyam a bayanta, ya riga ya saya, an ce masa nasa ya mutu. Kafin mu sauke na ce a buɗe notin cika na agzilarin. Na zura yatsa har ƙarshe, ya fito a bushe. Muka buɗe na giyabos, mai ya kwararo waje kamar an fasa tulu. Sil ɗin da ke tsakanin su biyun ne ya lalace, man agzilari ya ƙaura gaba ya bar shi yana cin kansa. Giyabos ɗin mutumin lafiyarsa ƙalau. Abin ya tsaya mini a rai, domin kuɗin noman shekararsa ne ya tafi kan abin da bai buƙata.

Raba ƙarar giyabos da ta agzilari ba wuya. Ka tsaya a fili, ka ja birkin hannu, ka sa waigi gaba da bayan taya, ka mai da ƙaramar sandar agzilarin kan N, wato firi. Yanzu ka sa giya ɗaya bayan ɗaya kana sakin kuloci, motar ba za ta motsa ba amma giyabos yana aiki. In kukan ya fito, yana cikin giyabos. In shiru ne, kuma a hanya ƙarar tana bin gudun mota ko wace giya ka sa, to ka koma baya: agzilari, kuros ɗin farfela, aksul, ko boris ɗin taya. Kuros yakan yi ƙwas lokacin tashi ko sa ribas. Kukan aksul yana canzawa in ka danna totur ko ka saki. Na taya yana canzawa in ka karkata sitiyari. Ka kuma tabbata ƙaramar sandar tana H2, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma makullan tayoyin gaba suna buɗe in kana kan kwalta. Wanda ya fito daga laka ya manta da ita a H4, inda duk huɗun ke ja, zai ji gurnani da taurin sitiyari a kwana, domin irin wannan agzilarin ba shi da abin da zai raba gudun gaba da na baya.

Kafin duk wani sauke-sauke, a duba man. A fara buɗe notin cika kafin na zubarwa, kada a zubar sannan a tarar na sama ya ƙi kwancewa. Mai ya kamata ya kai bakin ramin. A tara shi a farin kwano a fito da shi rana. Baƙin laushi kamar kwalli a kan maganaɗisun noti ba komai ba ne. Ƙyalli ruwan zinariya tagullar zobba ce. Ɓarɓashin ƙarfe da kake ji a yatsa boris ne ko haƙori. In ya yi fari kamar kunu, ruwa ya sha, abin da ke samun motocin da ke tsallaka rafi da damina a hanyoyin ƙauyen Mangu da Bokkos. A zuba 75W-90, ni na fi son GL-4 saboda zobban tagulla. Abin da nake roƙonka ka ƙi shi ne a cika maka da mai kauri lamba 140 don a rufe bakin ƙarar. Za ta ragu, gaskiya ne, amma boris ɗin yana nan yana ci, ga giya za ta ƙi shiga da safe.

Ta fuskar aiki, duka biyun sai an sauke giyabos da agzilari, wahalar ɗaya ce. Bambancin yana cikin abin da jira ke jawowa. Rilis mai kuka yakan yi watanni, ranar da ya watse kuloci ne zai daina rabuwa ka tsaya a hanya. Boris ɗin giyabos kuwa in ya fara zubar da ɓarɓashi, mai yana kai shi ko'ina, gyaran da yau boris biyu ne da sil sai ya zama na haƙora da sanduna. Shi ya sa ban goyi bayan bakanike na biyun ba ma da ya ce a sayi wani gaba ɗaya. Wanda za ka sayo a Dilimi ko Zuba ba ka san tafiyar da ya yi ba, naka kuwa in haƙoransa lafiya, sabon boris mai kyau zai mai da shi daidai. A buɗe a gabanka, ka juya boris ɗin da hannunka, mai ciwo za ka ji yana ƙasa-ƙasa kamar da yashi a ciki. Tunda an riga an sauke, a duba faranti da dis ɗin da ke matse shi, a canza rilis da ɗan boris ɗin filawil da sil ɗin bayan injin a lokaci guda, kada a sake biyan kuɗin saukewa bayan wata uku.

Kafin nan, Alhaji, ka rage lodi, ka daina sa biyar da kaya, kuma in kana da tafiyar Abuja kada ka bi Hawan Kibo da ita cike da dankali sai an duba man nan. Ka yi gwajin totur a silo da na lamba huɗu, ka gaya mini abin da ka ji da kalar man da ya fito, sai in faɗa maka abin da za ka saya. Allah Ya tsare hanya.