Kafin ka sayi maifai ko kyamarar sola, ka fara tambayar yadda take barci

In ka shiga Farm Centre ko ka bi ta Beirut Road a Kano neman wani abu mai batir, maifai ne (na'urar da ake sa wa layin waya ta raba intanet ta waifai) ko kyamara ko iyafis, abin da mai shago zai fara nuna ma shi ne lambar da ke jikin kwali. "Yallaɓai duba nan, 3000mAh ne, wannan sai ka gaji da shi." Lambar nan girman tanki kawai take gaya maka, ba ta faɗi yadda injin yake shan mai ba. Kuma a na'urorin da ba su da waya, abin da ya fi cin batir shi ne rediyon da ke ciki, wato ɓangaren da yake magana da sabis ko waifai ko Bluetooth. In rediyon nan ya iya kwanciya lokacin da ba a buƙatarsa, ƙaramin batir ma zai kai ka. In bai iya ba, ko da babban batir kafin la'asar kana neman soket, mu kuwa a garin nan kowa ya san soket ba kullum yake da wuta ba.

Akwai wani ɗan cif da ake kira ESP32 wanda ake sakawa a ƙananan na'urori masu waifai da yawa. Lokacin da yake tura saƙo ta waifai yana iya jan wuta kusan 240mA (mA ma'aunin yawan wutar da na'ura take ja ne), amma in ya yi barci mai nauyi abin da yake ja bai wuce 0.01mA ba. Cif ɗaya ne fa, amma tazarar ta haura ninki dubu ashirin. Shi ya sa na'urori biyu masu batir iri ɗaya, ɗaya ta yi wata ɗaya ba caji, ɗaya ko kwana ba ta kaiwa.

Na fara da maifai tunda shi aka fi tambayata. Zaɓi uku ne a gaban yawancin mutane: ɗan ƙaramin na aljihu mai batir, babbar rawuta ta kan tebur da ake jonawa a wuta, ko kuma mutum ya haƙura ya riƙa kunna hotsfot a wayarsa. Na aljihun shi ne aka gina don barci. Misali tsohon Huawei E5573 ɗin nan da ya cika gari, batirinsa 1500mAh ne kacal, kamfanin ya rubuta awa 6 in ana aiki da shi, amma awa 300 in yana zaman jira. Yadda yake yi shi ne in ya ga 'yan mintuna babu wata waya ko kwamfuta a jone da shi, sai ya kashe waifai ɗinsa ya kwanta. To a nan matsalar take, wadda masu shago ba sa faɗa, watakila su ma ba su lura ba. Muddin akwai ko waya ɗaya da ta kwana a jone, ta uwargida ce ko ta yaro da ya san faswod, maifai ba zai runtsa ba, yana nan a farke har asuba yana hidimar WhatsApp ɗin da ba wanda yake karantawa. Da safe ka ce batirin ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau.

Ɗaya gefen kuma, in ya yi barcin, da yawa sai ka danna maɓalli da hannu kafin ya tashi. Ga ɗalibi ko mai yawo da laftof wannan ba komai ba ne. Amma in shago za ka ajiye shi ka jona masa POS ko kyamara, to barcin nan shi zai zame maka ciwon kai, kwastoma na tsaye da kati a hannu kai kana laluben maifai a cikin durowa. Don haka wanda zai saya don shagonsa ya nemi wanda za a iya shiga saitinsa a kashe barcin gaba ɗaya ko a ƙara masa lokaci, ya haɗa shi da pawa bank. Ko ma ya sayi rawutar tebur ya haɗa mata ɗan ƙaramin batirin nan na ajiya da ake sayarwa don rawuta, ita dama ba a yi ta don barci ba, kuma ta fi kama sabis a cikin ginin kasuwa. Maganar sabis ma tana da muhimmanci, domin inda sabis ya yi rauni na'ura ƙara ƙarfin rediyonta take yi don ta ji hasumiya, batir kuma ya tafi a haka. Ɗora maifai kusa da taga kaɗai yana canza lissafi.

Hotsfot na waya kuwa ni ban ba da shawararsa ba sai na ɗan lokaci. Rediyo biyu ne suke aiki lokaci guda, wayar ta ɗau zafi, a watan Afirilu da Kano take haura digiri 40 kuwa zafin nan shi yake tsufar da batir tun kafin lokacinsa. In dole ne, a kunna saitin da yake kashe hotsfot da kansa in ba wanda ya jona.

Sai kyamarar tsaro, inda na fi so a nutsu, don nan aka fi asarar kuɗi. Mai sola da batir yawanci barci take yi kusan duk yini. Abin da yake a farke ɗan ƙaramin ido ne da ake kira PIR, shi ba hoto yake ɗauka ba, ɗumin jikin abin da ya gifta yake ji, sai ya tashi kyamarar ta fara ɗauka. Dabara ce mai kyau, amma tana da sharuɗɗa. Na taɓa sa irinta a ƙofar gida na fuskantar da ita layi, layinmu kuwa daga asuba har bayan isha ba ya rabo da mutane, ga 'yan makarantar allo, ga masu tura ruwa a kura, ga adaidaita sahu, ga awakin maƙwabta. Kyamarar nan ba ta samu ta kwanta ba ko kaɗan, duk wanda ya gifta sai ta farka ta turo saƙo, kafin dare ya raba batirin ya ƙare, daidai lokacin da aka saye ta dominsa. Da na mayar da ita cikin zaure tana kallon ƙofa daga ciki, shi ke nan ta zauna lafiya.

Akwai kuma jinkirin farkawa. Daga lokacin da idon ya ji motsi zuwa lokacin da hoto zai fara akwai ɗan tsaiko, a wasu daƙiƙa ɗaya ko biyu, a masu araha ya fi haka, sai ka buɗe bidiyo ka ga ƙeyar mutum kawai yana fita. Idon nan ya fi jin wanda ya gifta ta gefe a kan wanda ya nufo shi kai tsaye, ba ya ji ta bayan gilashi, kuma da bazara in zafin gari ya kusa zafin jikin mutum, wato wajen digiri 37, jinsa yana raguwa. Ga ƙurar hunturu da take rufe farantin sola, in ba a gogewa caji ba zai shiga yadda ya kamata ba. Kyamara mai amfani da layin waya ta fi mai waifai shan batir, amma ita ce mafita a gona ko fili ko gidan da ake kan ginawa inda ba rawuta.

To wa ya dace da wacce? Zaure, sito, garejin mota, bayan gida inda ba a cika bi ba, mai barci ta isa, har ta fi. Shagon da ke bakin titi ko rumfar kasuwa kuwa, gaskiya ka sayi wadda take ɗauka ba tsayawa ka haɗa ta da inbata, kar wani ya ruɗe ka da cewa sola za ta riƙe. Yanzu akwai wasu na tsakiya da suke ɗaukar hoto jefi-jefi cikin ƙaramin ƙarfi sannan su koma cikakken bidiyo in sun ga motsi, in aljihu zai ɗauka sun cancanci a tambaya.

Ƙananan kaya ba sai na ja ba. Maus mai batir AA guda ɗaya irin Logitech M185, kamfanin ya ce yana kai wata 12, saboda yana kwanciya da zarar ka ɗauke hannu. Masu fitilu kala-kala da ake caji kuwa fitilar ce take cinye abin da barcin ya tara. A iyafis kar lambar Bluetooth 5.3 ta ɗauke maka hankali. Bluetooth mai ƙarancin cin wuta ya shigo tun 2010 da siga ta 4.0, amma yawancin iyafis har yanzu tsohuwar hanya suke bi wajen kawo sauti. Abin dubawa shi ne in ka mayar da su gidansu ka rufe, suna yankewa daga wayar nan take? In wayarka ta ci gaba da nuna suna jone, ajiye wa mai shago kayansa. Haka in an ce ma rawuta mai waifai 6 ce tana tsara wa na'urori lokacin farkawa, gaskiya ne, amma sai wayarka ko kyamararka ita ma ta san wannan tsarin kafin ka ga amfani.

Duk wannan ana iya gwada shi a tsaye a gaban kanta. Ka ce, "Ɗan uwa don Allah kunna min shi." Ka jona wayarka da maifai ɗin, ka shiga saitin ka ga ko akwai wajen canza lokacin barci, sannan ka cire wayar ku ci gaba da ciniki. In lokacin ya cika ka duba ko sunansa ya ɓace daga jerin waifai, ka danna maɓalli ka ƙirga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya dawo. Kyamara kuma a bar ta ta yi shiru na minti biyu ko uku, ka sa yaron shago ya gifta ta gabanta da tafiyar da mutum yake yi, ku buɗe bidiyon tare ku ga ko fuskarsa ta fito.