Laftof ɗin nan mai naɗewa: hinji ya ci mini rai

Wata takwas ke nan da na sayi laftof ɗin nan mai juyawa digiri 360, wadda ake naɗe ta ta koma kamar allo. Tokumbo ce, kun dai san yadda farashinsu yake a gari. Da farko sai sam barka. In kafa ta kamar tanti a kan tabarma, ina karatu ina latsa gilas da yatsa.

Hunturu na shigowa fuskar ta fara rawa. Ka ɗan taɓa ta, ta yi ta kaɗawa kamar ganyen ayaba. Can kuma in na buɗe sai in ji ƙas a kusurwar hagu, robar gefen tana ɗagowa har ina hango ƙarfen ciki. Ni duk zatona sukuru ne ya kwance.

Yaron da na fara kai wa ma haka ya ce. Ya ɗaɗɗaure sukurori, ya ɗiga sufa gulu, ya miƙo mini: "Oga, an gama." Kwana huɗu ta yi. A na biyar ina buɗewa kusurwar ta ɓalle gaba ɗaya, ga farin tabon gam a bakin gilas, yana nan har yau. Duk na kalle shi sai raina ya sosu.

Wani abokina ne ya nuna mini wani dattijo a Sabon Gari, shagonsa ko allon suna babu. Batir ya fara cirewa, sannan ya zare hinjin, wato ƙarfen da ke haɗa gilas da jikin laftof ɗin, ya ɗora mini a hannu. "Malam, juya shi mu gani." Wallahi da hannu biyu na kasa. Ashe matsalar ba sakewa ba ce, tsauri ne. Man da ke ciki ya bushe, ƙura ta shiga, ƙarfen ya ƙage. Sukurorin kuma ba a ƙarfe suke ɗaure ba, a cikin wasu 'yan ƙananan notuna na tagulla suke, waɗanda aka dasa a roba. Duk buɗewa, ƙarfin a kan robar yake sauka, har ta rududduge. Ya zazzage mini guda biyu a tafin hannu, kamar ƙwayar dawa, da ɓurɓushin baƙar roba manne a jikinsu. Wato ɗaurin da yaron can ya ƙara yi ne ya ƙarasa ta.

Sassauta notin hinjin ya yi kaɗan, ya sa mai, ya mayar da tagullar da gam ɗin nan mai kala biyu da ake cakuɗawa, ya ce sai ya kwana ya bushe. Ya kuma nuna mini wayar gilas da ta wayifai, duk ta wajen hinjin suke bi. Da na ƙara sati ina tilasta ta, da su ma sun tsinke.

Aikinsa ba ni da ta cewa. Amma fa Baba akwai saɓa alƙawari. "Gobe" ɗinsa sai da ta ci ni zuwa uku daga Samaru, kuɗin mota ya kusa kamo kuɗin gyara.

Su kuma masu ƙera ta, ta yaya za ka yi gilas mai nauyi, ka matse hinji don kada ya motsa in an taɓa, sannan ka rataya duka a kan roba? Batirinta na da kyau, ba ta nauyi, har na so in ce ku saya. Sai na tuna tabon nan.

Yanzu daga tsakiya nake buɗe ta, a hankali, ɗaya hannun na danne da ƙasa kamar yadda Baba ya ce. Naɗewa kuwa na daina. Na biya kuɗin 360, ko rabi ba na kaiwa.