Na saka hit-fam a gidana a Columbus, ga yadda ta kaya da rangwamen haraji

Salam 'yan uwa. Tun watan Maris nake son rubuta wannan, don mutum uku ne suka tare ni a masallaci bayan Juma'a suna tambaya wai da gaske gwamnatin Amurka ta biya ni kuɗin na'urar ɗumama gida? Eh na samu kuɗi, amma ba irin biyan da kuke zato ba ne, kuma nima da farko haka na ɗauka.

Gidan da muke ciki tsohon gini ne, hunturu in ya shigo a nan Ohio ɗakin yara na sama kamar firij yake zama, bil ɗin gas kuwa sai dai Innalillahi. A 2025 na kira wani mai duba gidaje ya zo da wata ƙatuwar fanka ya ɗaura a bakin ƙofa, ya bi lungu-lungu yana nuna min inda iska ke shigowa, ashe silin ɗinmu kusan babu komai a cikinsa. Dala 350 ya karɓa ya ba ni rahoto a rubuce. Wannan dubawar ita ce kuɗin da na fi jin daɗin kashewa a duk aikin wallahi, don ni niyyata tagogi zan canja, shi ya ce bar tagogin nan tukuna, fara zuba insuleshan a sama, wato kayan da ake shimfiɗawa a silin su hana ɗumi fita.

To sai muka zuba, sannan muka saka hit-fam, wato AC ce mai aiki biyu, da zafi ta sanyaya da sanyi ta ɗumama. Tana aiki sosai, ba ƙara, bil ɗin wuta ya ɗan hau amma na gas ya faɗi ƙasa, sai ranakun da sanyi ya yi tsanani ƙwarai ne tsohuwar hitar gas take karɓa.

Inda raina ya ɓaci shi ne bakin ɗan kwangilar. Cewa ya yi min kashi 30 cikin 100 na duk abin da na kashe zai dawo, na yi lissafina a waya na ga sama da dala 4,000 har na faɗa wa uwargida. Sai da na zauna cike fom 5695 na hukumar harajin Amurka, wato IRS, na gane kashi 30 ɗin gaskiya ne amma kowane abu da iyakarsa. Hit-fam ta ci dala 11,400, amma a 2025 dala 2,000 ita ce ƙarshen abin da ake bayarwa a shekara ko nawa ka kashe. Insuleshan kuma kuɗin kaya kawai ake lissafawa banda na leburori, shi kuwa ya rubuta min dala 3,000 dunƙule guda, sati biyu ina bin sa a waya kafin ya raba min takardar, kaya suka tsaya a 1,700, na samu 510. Dubawa ta kawo 105, ita iyakarta 150 ce. Gaba ɗaya dala 2,615. Kuɗi ne, alhamdulillahi, ban raina ba, amma da ya faɗa min gaskiya tun farko ai da ban ciyo bashin da na ciyo da wannan lissafin ba.

Wani abu kuma da ya tsayar da ni, na'urar da aka saka a 2025 sai ka rubuta wata lambar kamfanin da ya ƙera ta a fom ɗin, QMID suke ce mata, 'yar gajera ce, haruffa ko lambobi huɗu kacal, ba ta jikin rasit ɗina, a shafin kamfanin na samo ta. Manhajar da nake cike haraji da ita dai ta kyauta, tambaya take yi kana amsawa, ko awa ɗaya ban yi ba da takardu suka cika.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne wannan rangwame ne a kan harajin da ake bin ka, ba kyauta ba ce. Ni aiki nake ana yanke min haraji a albashi duk wata, shi ya sa ya dawo min a rifon, wato rarar harajin da ake mayar wa mutum. Wani abokina da samunsa bai kai nawa ba, ya yi irin aikin nan, harajin shekararsa bai kai ko dala 1,000 ba, iya nan ya samu sauran ya bi ruwa, don wannan ba a ɗaga shi zuwa baɗi, na sola ne ake ɗagawa. Abin ya taɓa ni sosai, wanda ya fi buƙata shi ya fi samun kaɗan. Sannan tagogi da ƙofofi da insuleshan sai in gidan naka ne kuma a ciki kake zaune, wanda ka ba da haya ba ya ciki.

Yanzu kam ƙofar ta rufe. Dokar 2022 ta zamanin Biden ce ta faɗaɗa shirin har zuwa 2032, sai dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta yanke shi, duk aikin da aka yi bayan 31 ga Disamba 2025 babu rangwame, saboda haka in wani ɗan kwangila ya zo maka da wannan zancen bana kar ka saurare shi. Amma wanda ya yi aiki a 2024 ko 2025 bai nema ba, yana da shekara 3 daga lokacin da ya shigar da harajinsa ya gyara da fom 1040-X. Maƙwabcina ya canja tagogi a 2024 bai ma san da maganar ba, har dala 600 zai iya samu in tagogin sun cika sharaɗin Energy Star Most Efficient, wato shaidar sun fi rage ɓarnar makamashi, ranar Asabar in sha Allah za mu zauna mu tono rasit ɗinsa.